Yadda Ake Tsara Masu Buɗe Jifa a Wasannin Neman Kambun Besbol

A gasar besbol ta ƙwararru ta Amurka, wato Major League Baseball (MLB), kowace ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 30 tana buga wasanni 162 tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan ana fili. Mai buɗe jifa, wato wanda yake fara jefa wa masu bugun abokan karawa ƙwallo, yakan jefa ta sau 90 zuwa 100 a wasa guda, da dama daga ciki da gudun da ya haura kilomita 150 cikin sa'a, kuma kafaɗa da gwiwar hannu ba sa farfaɗowa daga irin wannan aiki a dare ɗaya. Shi ya sa ƙungiyoyi ke ajiye mutum biyar suna karɓa-karɓa, wanda ya hau tudun jifa yau ya huta kwana huɗu cur kafin a sake miƙa masa ƙwallo. Da zarar Oktoba ta kama aka shiga wasannin neman kambu, wannan tsari ba ya aiki yadda yake, domin an sanya ranakun tafiya a tsakanin wasanni, karawar kuma gajeriya ce, wanda ya sha kashi ya tafi gida. Aikin manaja a nan shi ne ya sa mafi ƙarfin masu jifansa su buɗe mafi yawan wasanni ba tare da ya cinye musu hutu ba, kuma wannan lissafin kwanaki ne kafin ya zama zaɓen sunaye.

A fara da kalanda

Kafin a rubuta sunan kowa, a zana ranakun karawar a jere, har da ranakun da babu wasa. Tun daga 2022 ƙungiyoyi 12 ne ke shiga wannan mataki, shida daga kowace ɗaya cikin gasannin biyu da suka haɗu suka yi MLB, wato American League da National League, kuma zagayen sun kasu huɗu. Zagayen Wild Card wasa uku ne a kwana uku a jere, duka a filin ƙungiyar da ta fi matsayi, wanda ya fara cin biyu ya wuce. Division Series wasa biyar ne, a nemi uku. Championship Series da World Series, wato zagayen ƙarshe, wasa bakwai-bakwai ne, a nemi huɗu.

Karawar wasa bakwai tana ɗaukar kwana tara: wasa na 1 da na 2 a ranakun farko biyu, a yi tafiya a rana ta uku, wasa na 3 da na 4 da na 5 a jere a garin ɗaya ƙungiyar, a sake tafiya, sannan na 6 da na 7. Idan aka ƙirga za a ga cewa wanda ya buɗe wasa na 1 ya sami hutunsa na kwana huɗu kafin wasa na 5, wanda ya buɗe na 2 yana da kwana biyar kafin na 6, wanda ya buɗe na 3 kuma yana da kwana huɗu kafin na 7. Wasa na 4 kaɗai ya rage babu mai shi. Ke nan mutum huɗu sun wadatar, na biyar ya koma cikin masu agaji, wato masu karɓar jifa bayan an cire mai buɗewa. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa da shi a wannan lissafi: wanda aka ba wasa na 3 shi ne mai wasa na 7. Don haka kada a ɗauki wannan gurbi a matsayin wurin ajiye wanda ya zo na uku a daraja kawai, a tambayi kai tun ranar farko ko mutumin nan ne ake so ya riƙe ƙwallo a daren da komai zai ƙare.

Karawar wasa biyar ta fi sassauci. Ana buga biyu, a yi tafiya, a buga biyu, a sake tafiya, a buga na ƙarshe a rana ta bakwai. Wanda ya buɗe wasa na 1 yana da kwana biyar kafin na 5, wanda ya buɗe na 2 yana da huɗu, saboda haka manaja yana isa wasan yanke hukunci da manyan mutanensa biyu duka a hutacce. A wasu shekaru ana ƙara ranar hutu tsakanin wasa na 1 da na 2 a ɗaya daga cikin gasannin biyu, kuma wannan rana guda tana sauya komai, domin mai wasa na 1 zai iya dawowa a na 4, mai na 2 ya dawo a na 5, kowa da cikakken hutu, mutum uku su gama karawar. Haka ya kasance a ɓangaren National League a 2023, inda Spencer Strider na Atlanta Braves ya buɗe wasa na 1 da na 4 a karawarsu da Philadelphia Phillies. Ya zama dole a duba jadawalin shekarar da ake ciki, kada a dogara da na bara.

Shirin da ake farawa tun Satumba

Ba a ranar wasan farko ake tsara jerin ba. A shekarun baya-bayan nan kakar wasa tana ƙarewa ranar Lahadi, zagayen Wild Card ya fara Talata, don haka duk wanda ake so ya buɗe wasan Talata dole wasansa na ƙarshe ya faɗo ranar Alhamis ko kafin ta. Ƙungiyar da ta tabbatar da gurbinta da wuri tana amfani da makonni biyu na ƙarshe tana matsar da mutane gaba ko baya da kwana ɗaya-ɗaya, tana cusa matashi daga ƙananan ƙungiyoyinta ya cike giɓi, har jerin ya daidaita da ranar farawa. Wadda take fafutukar gurbi har ranar Lahadi ba ta da wannan gata, kuma babu laifi ta yi amfani da zakaranta, wato mafi ƙarfin masu jifanta, a ranar, tunda adana shi domin wasan da ba a kai gare shi ba ba shi da amfani.

Ƙungiyar da ta ratsa ta Wild Card takan shiga Division Series ranar Asabar zakaranta bai gama hutawa ba, domin daga Talata zuwa Asabar kwana uku ne kawai a tsakani. Wasu suna ganin wannan babbar asara ce, amma lissafi ya nuna ba ta kai yadda ake zato ba: a ba shi wasa na 2, zai kuma iya dawowa a na 5 da cikakken hutu, ya buɗe wasa biyu kamar dai shi ya fara. Su kuwa ƙungiyoyi biyun da suka fi matsayi a kowace gasa, waɗanda aka ɗauke wa zagayen farko, matsalarsu yawan hutu ce, kwana biyar babu wasa. Mai jifan da ya wuce mako bai fuskanci mai bugu ba yakan rasa saitin hannu, saboda haka ake shirya musu wasan gwaji a tsakaninsu, a sa ya jefa wa abokan wasansa kamar da gaske.

Wa zai hau gurbi na nawa

Wasa na 1 na wanda ya fi kowa ne a halin yanzu, ba wanda ya fi albashi ko suna ba. A duba wasanninsa na makonni shida na ƙarshe: ko gudun jifansa ya ragu, ko yana yawan sakin masu bugu su wuce kyauta saboda rashin saiti, ko yana gajiya tun turmi na huɗu a wasan da ke da turmi tara (a kowane turmi ƙungiyoyin biyu suna yin bugu bi da bi). Raguwar gudu a ƙarshen kaka alama ce da kocin masu jifa ba ya wasa da ita, domin sau da yawa ciwo ne da ɗan wasa bai faɗa ba. Dalilin ba zakara wasan farko ba wai don wasan ya fi sauran nauyi ba ne, dalilin shi ne wanda ya fara da wuri ya fi samun damar dawowa. A World Series ta 1965 Sandy Koufax bai buɗe wa Los Angeles Dodgers wasan farko ba saboda ya faɗo a ranar ibadar Yahudawa ta Yom Kippur, ƙungiyar ta sha kashi a wasa biyun farko a hannun Minnesota Twins, amma Koufax ya hana su maki ko ɗaya a wasa na 5 da na 7, Dodgers suka ɗauki kambu.

Idan mutum biyu sun yi kunnen doki, abokan karawa ne za su raba gardama. Mai bugu ya fi jin daɗin mai jifan da hannunsa ya saɓa da ɓangaren da yake bugu, domin ya fi ganin ƙwallon tun daga fitowarta, lanƙwasarta kuma tana zuwa wajensa ne maimakon ta guje masa. Don haka ƙungiyar da manyan masu bugunta bahagwai ne, a tura mata bahago sau biyu idan akwai shi. Fili ma yana da nasa tasiri. A Yankee Stadium katangar ɓangaren dama ƙafa 314 ce kawai daga wurin bugu, abin da ke taimakon masu bugu da hagu, shi ya sa bahagon mai jifa ke da daraja a can. A Fenway Park na Boston katangar hagu ce ke kusa, tsayinta ƙafa 37, masu bugu da dama suna cin moriyarta. A Denver, mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana nisa idan an buge ta, jifa mai lanƙwasa kuma ba ta lanƙwasa sosai, saboda haka wanda ke sa a buga ƙwallo ƙasa-ƙasa ya fi dacewa da filin.

Batun wanda ya fi iya wasa a gida ko a waje kuwa, ban ga dalilin ba shi nauyi mai yawa ba. Mutum yakan buɗe wasa kusan 15 ne a gida a kaka guda, adadin da bai isa a gina hukunci a kansa ba. A World Series ta 2019 baƙi ne suka ci duka wasannin bakwai. Abin da ya dace a kiyaye shi ne kada a jefa matashin da bai taɓa ganin Oktoba ba cikin wasan da za a iya fitar da ƙungiya, a filin da ba nasa ba, matuƙar akwai wata hanya.

Mutum na huɗu da batun rage hutu

A nan ne gardama take kowace shekara. Ƙungiyoyi kaɗan ne ke da mutum na huɗu da aka amince da shi, sai a fara raɗa wa manaja ya dawo da zakara bayan hutun kwana uku. Rage hutu bashi ne, kuma gobe ake biyansa, wani lokaci da riba mai nauyi. Kafin a ci shi a san nawa ne.

Idan aka ce mutum uku za su gama karawar wasa bakwai, ba sau ɗaya aka rage hutu ba, sau huɗu ne, domin wasa na 4 da na 5 da na 6 da na 7 duka za su faɗo kan wanda ya huta kwana uku. New York Yankees sun yi haka a 2009 a ƙarƙashin manaja Joe Girardi, da CC Sabathia da A.J. Burnett da Andy Pettitte, kuma sun doke Phillies a wasa shida. Amma a dubi yadda ta kaya: Sabathia ya jure a wasa na 4, Pettitte ya ci na 6, shi kuwa Burnett a wasa na 5 an ɗura masa maki shida, aka cire shi a turmi na uku. Ɗaya hanyar ita ce zakara kaɗai ya ɗauki wasa na 1 da na 4 da na 7, kamar yadda Curt Schilling ya yi wa Arizona Diamondbacks a 2001. Abin lura a nan shi ne wannan bai kawar da mutum na huɗu ba, an dai matsar da shi zuwa wasa na 5, inda Miguel Batista ya buɗe a waccan shekara. Ribar da ake samu ita ce zakara ya maye gurbin mutum na uku a wasa na 7, kuɗin da ake biya kuwa wasa biyu ne da zai buga a gajiye.

Waɗanda abin ya yi wa kyau su ake tunawa. Josh Beckett na Florida Marlins ya jefa turmi tara cur a Yankee Stadium a wasa na 6 na World Series ta 2003 bayan hutun kwana uku, aka tashi 2 da 0. Ba a cika ambaton Corey Kluber na Cleveland ba, wanda a 2016 raunin da abokan jifansa Carlos Carrasco da Danny Salazar suka samu ya tilasta masa ɗaukar wasa na 1 da na 4 da na 7. Ya ci biyun farko, amma a na ukun mai bugun farko na Chicago Cubs, Dexter Fowler, ya buga ƙwallonsa ta tsallake katanga ya ci maki, aka cire shi a turmi na biyar bayan an ci shi maki huɗu, Cubs suka ɗauki kambunsu na farko tun 1908. Ban da gajiya, masu bugun sun riga sun gan shi sau biyu cikin mako guda, sun haddace jifansa.

A ganina ba a rage wa mutum hutu sai abubuwa da dama sun haɗu: tazarar da ke tsakaninsa da na huɗu mai faɗi ce ƙwarai, bai yi jifa da yawa a wasansa na baya ba, jikinsa lafiya lau a shaidar likita ba a shaidar bakinsa ba, sannan akwai hutaccen mutum da zai riƙe wasan da ke biye. Babu ɗan wasan da za a tambaya a Oktoba ya ce ba zai iya ba, don haka amsarsa ba hujja ba ce. Yanayin karawa ma yana yanke hukunci. A wasa biyar, idan ana bayanku da 2 da 1, dawo da zakara a wasa na 4 yana da ma'ana, tunda mai wasa na 2 yana nan a hutacce domin na 5. Idan ku ke gaba da 2 da 1, a bar na huɗu ya gwada sa'arsa, in ta ɓaci akwai manya biyu suna jira. A kuma kula da inda mutum ya taso: a gasar Japan sau ɗaya a mako aka saba buɗe jifa, saboda haka wanda ya zo daga can hutun kwana huɗu ma raguwa ce a wurinsa.

Idan babu na huɗu kwata-kwata, ana iya raba wasan ga masu agaji, kowa ya ɗauki turmi ɗaya ko biyu. Dodgers sun ci kambun 2024 da masu buɗe jifa uku kacal, Jack Flaherty da Yoshinobu Yamamoto da Walker Buehler. A wasa na 4 na World Series, suna gaba da 3 da 0, manajansu Dave Roberts ya raba wasan ga masu agaji, da ya ga ana cin su sai ya ƙi taɓa manyansu, ya bari aka doke su 11 da 4, washegari ya fito da su a hutacce suka kammala. A lura cewa irin wannan wasa ya fi dacewa da ranar da hutu ke biye da ita, wasa na 4 kuwa yana tsakiyar kwana uku a jere ne, don haka duk wanda aka kashe a cikinsa za a neme shi gobe a rasa.

Haɗa jerin da masu agaji

Ana shiga kowace karawa da 'yan wasa 26, masu jifa ba su wuce 13, kuma ana iya sauya sunaye tsakanin zagaye da zagaye. Wanda aka cire a tsakiyar karawa saboda rauni ba zai buga zagaye na gaba ba, don haka ba a gaggawar cire mai ƙaramin ciwo. Mutum na biyar da aka sauke daga jerin a ba shi aiki bayyananne, wato ya zauna a shirye bayan mafi raunin masu buɗewa, ya karɓi turmi uku ko huɗu idan abu ya lalace da wuri. In hannunsa ya saɓa da na wanda zai gada, ya fi kyau, domin abokan karawa sun jera masu bugunsu ne saboda na farkon. Milwaukee Brewers sun kai wannan dabara ƙarshenta a 2018, lokacin da manajansu Craig Counsell ya sa bahago Wade Miley ya fuskanci mutum ɗaya tak a wasa na 5 da Dodgers, ya maye gurbinsa da Brandon Woodruff mai hannun dama. Ba su ci wasan ba, kuma tun 2020 doka ta wajabta wa mai jifa ya fuskanci mutum uku ko ya kammala ɓangarensa na turmin kafin a cire shi.

A kuma yanke tun kafin wasa iyakar inda kowane mai buɗewa zai kai. Sananne ne cewa masu bugu sun fi cin nasara a karo na uku da suka fuskanci mutum ɗaya a wasa guda, kuma wannan ne ya sa ake cire masu buɗewa da wuri a Oktoba. Wannan ƙa'ida ta dace da mutum na uku da na huɗu, amma a kan zakaran da jifansa ke ci sai an haɗa da ido. A wasa na 6 na World Series ta 2020 Kevin Cash, manajan Tampa Bay Rays, ya cire Blake Snell a turmi na shida bayan jifa 73 kawai, suna gaba da 1 da 0, nan take Dodgers suka ci maki biyu, suka ƙare da 3 da 1.

Sa mai buɗewa ya yi agaji tsakanin wasanninsa yana yiwuwa, tunda dama yakan yi atisayen jifa kwana biyu bayan wasa, sai a mayar da atisayen turmi ɗaya na gaske. Amma matsin wasa ba ɗaya yake da na atisaye ba. A 2021 Max Scherzer ya rufe wa Dodgers wasa na 5 da San Francisco Giants, a zagaye na gaba ya buɗe wasa na 2 da Braves hannunsa a mace, ya kasa fitowa a na 6, aka dawo da Buehler da hutun kwana uku, aka fitar da su. Wannan dabara ta fi aminci a wasan ƙarshe na kaka, inda babu gobe da za a yi wa tanadi. A nan ne Randy Johnson na Diamondbacks ya fito a wasa na 7 na 2001 kwana ɗaya bayan ya buɗe na 6, Madison Bumgarner na Giants ya jefa turmi biyar babu maki a 2014 bayan hutun kwana biyu, Yamamoto kuma ya maimaita irin ta Johnson a 2025 a kan Toronto Blue Jays.

Duk jerin da aka tsara a ajiye masa madadi a rubuce, domin ruwan sama yana iya ɗage wasa ya cinye ranar tafiya, wasa yana iya zarcewa turmi 18 ya ƙarar da masu agaji har a taɓa mai buɗewar gobe, mutum kuma yana iya wayar gari da ciwo. A 2019 Scherzer, yana Washington Nationals a lokacin, ya tashi ranar wasa na 5 na World Series wuyansa a sandare, Joe Ross ya buɗe a madadinsa, Stephen Strasburg ya riƙe na 6 yadda aka tsara, Scherzer ya koma na 7, Patrick Corbin ya biyo bayansa da turmi uku babu maki. Kocin masu jifa ya san kowace safiya wanda zai buɗe idan wanda aka sanar ya kasa, ya kuma hana a sa wannan mutum jifa mai yawa a daren da ya gabata.